Selulez da yadda ake sa bakteriya ta samar da shi da yawa

Selulez wani enzayim ne (furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jikin halitta) da ke farfasa selulos, wato abin nan mai tauri da ke jikin kara, ciyawa, auduga, ɓuntun shinkafa da itace. Shi selulos ɗin ba komai ba ne illa gulukos da aka jera a sarƙa mai tsawo, wani Bafaranshe masanin kemistiri Anselme Payen ne ya fara ware shi a 1838, kuma duk duniya babu sinadarin da tsirrai ke yi da ya kai shi yawa. Ɗan Adam ba ya iya narkar da shi. Saniya ma ba ita ke narkarwa da kanta ba, bakteriyar da ke tumbinta ce ke aikin, irin su Ruminococcus albus da Fibrobacter succinogenes.

A gaskiya selulez ba enzayim ɗaya ba ne, aiki ne na taron dangi. Endogulukanez shi ke yanka sarƙar daga tsakiya, ekzogulukanez ya bi bakin da aka yanka yana ɓalle gulukos bibbiyu, sai beta-gulukosidez ya raba bibbiyun nan su koma ɗaiɗai. In ɗaya ya yi ƙaranci aikin sai ya cije. Kamfanoni sun fi dogara da naman gwari Trichoderma reesei, wanda aka gano yana cin tantunan sojojin Amurka a tsibiran Solomon lokacin yaƙin duniya na biyu, amma ana bin bakteriya saboda tana saurin hayayyafa, wasunta kuma suna jure zafi da kanwa-kanwa fiye da naman gwari.

Ana samo bakteriya mai yin selulez a ƙasar juji, kashin shanu, ruɓaɓɓen itace ko cikin gara. A lab sai a shuka ta a faranti mai ɗauke da CMC, wani selulos ne da aka gyara yake narkewa a ruwa, bayan kwana ɗaya zuwa uku a kwara jan rinin Congo red a kai, a ɗauraye da ruwan gishiri. Duk faranti zai yi ja, amma inda bakteriya ta cinye selulos za ka ga fili fayau ya zagaye ta, faɗin zagayen nan shi ke nuna wacce ta fi ƙoƙari. Wannan dai tacewar farko ce kawai, dan sau da yawa mai babban zagaye in an kai ta kwalbar ruwan kiwo sai ta ba da kunya. Ainihin awo da sinadarin DNS ake yi, hanyar da wani masani mai suna Miller ya wallafa a 1959, ana duba yawan sukarin da ya fito.

Toh a nan ne maganar daidaita yanayi ke shigowa, kuma abin da ya fi ruɗar ɗalibai shi ne yanayin da bakteriya ta fi jin daɗin girma ba lallai shi ne wanda ta fi zubo enzayim ba. Ka cika mata gulukos za ta hayayyafa ruwan ya yi kauri amma selulez ɗin kaɗan za ka samu, dan me za ta wahalar da kanta tana farfasa kara alhali ga sukari a ɓagas, ƙwayoyin halittar da ke haɗa enzayim ɗin ma rufe su take. Sai an bar ta da selulos kaman CMC ko garin ɓawon rake ko dusar alkama sannan take buɗe su. In da ɗanyen kara ko ɓuntu za a yi, akan fara jiƙa shi a ruwan soda saboda lignin, wani sinadari mai tauri da ya lulluɓe selulos ɗin, ya saki.

Zafi ya danganta da iri. Bacillus subtilis da Cellulomonas sun fi yi tsakanin digiri 30 zuwa 40 a ma'aunin Celsius, shi kuwa Clostridium thermocellum wajen digiri 60 yake so kuma iska ma kashe masa aiki take, shi ne wanda masana Lamed da Bayer suka bayyana a 1983 cewa yana tara enzayim ɗinsa a dunƙule guda a jikinsa, suka kira shi selulosom. Yawancin bakteriya suna son pH, wato ma'aunin tsami da kanwa, kusa da 7 inda ba tsami ba kanwa, ba kaman naman gwari ba da ya fi son tsami-tsami wajen 5, kuma dole a riƙa lura dan ruwan kan yi tsami da kansa in ana cikin kiwo. Sai naitirojin da take buƙata a abincinta, ana ba ta shi ta fefton (narkakken furotin) ko ruwan yis ko amoniyom salfet. Masu son iska ana ɗora kwalabensu a injin girgiza. Lokaci ma haka, galibi awa 24 zuwa 72, in aka wuce abinci ya ƙare wasu enzayim masu cin furotin su fara lalata selulez ɗin.

Tsohuwar hanya ita ce a canja abu ɗaya a bar sauran, yau zafi gobe pH. Tana da sauƙi amma tana ɓoye yadda abubuwan ke shafar juna, dan zafin da ya fi kyau a pH 6 yana iya canjawa a pH 8. Shi ya sa yanzu ake fara tacewa da tsarin Plackett da Burman na 1946 a gano abubuwa uku ko huɗu masu tasiri, sannan a haɗa su da lissafin da Box da Wilson suka kawo a 1951. Sakamakon kwalba ƙarama kuma ba ya zama daidai in an koma babbar tukunyar masana'anta, sai an sake gyara iska da juyawa.

Ana amfani da selulez wajen koɗar da wandon jins maimakon dutse, a omo, a abincin kaji da dabbobi, wajen matse ruwan 'ya'yan itace, da kuma mayar da kara da ɓawon rake su zama sukari a yi itanol, inda har yanzu tsadar enzayim ɗin na cikin abin da ke hana harkar riba.