Ɗan ci-rani da fatsarsa a bakin teku: me doka ta ce?

Idan rani ya yi nisa, tafkunan fadamar Haɗejiya suka ja baya, su ya yi sanyi, samarin Guri da Kiri Kasamma da Auyo sukan ɗaure kaya su nufi kudu. Wasu dako ke kai su Legas, wasu acaɓa, wasu gadi. Amma wanda ya tashi a gidan masunta ba ya ganin ruwa ya wuce. Ranar da ba aiki sai ka gan shi a gaɓar Badagiri ko Lekki da fatsa a hannu, ko yana bin ramukan ƙaguwa da tocila bayan isha'i. Tambayar da ake yawan yi ita ce: sai da lasisi?

A dokar tarayya dai, a'a. Dokar kamun kifi a teku ta 1992, wadda aka kafa a mulkin soja a matsayin doka mai lamba 71, jiragen kamun kifi masu inji ta ɗora wa lasisi. Ko kwalekwalen da aka maƙala wa ƙaramin inji a baya ba ta sa shi a wannan sahu ba, balle mutumin da ke tsaye a kan yashi. Tarar dala 250,000 ko ɗaurin shekara biyar da ake tsorata mutane da ita, ta masu manyan jiragen da suka shiga ruwan Najeriya ba izini ce. Hasali ma ƙa'idojin da aka fitar ƙarƙashin dokar sun hana waɗannan jirage su a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kilomita tara da 'yan kai. An bar wannan yanki ne don ƙananan masunta.

Sai dai rashin lasisi ba ya nufin ka yi yadda ka ga dama. Sashe na 10 ya hana kowa, mai jirgi ko mai ƙafa, kama kifi ko kashe shi da abin fashewa ko guba, kuma hukuncin ɗaurin shekara biyu ne ko tarar naira 50,000. Ko yunƙuri aka kama ka kana yi, laifin ya tabbata. Mu da muka san ɓarnar da gamalin ya yi a tafkunanmu, da yadda ake daka magimfa a zuba a ruwa, ba ma buƙatar dogon bayani. Tarar kam ta tsufa, domin naira 50,000 ta 1992 ba ta yau ba ce, amma shekara biyu a gidan yari har yanzu shekara biyu ce. Kuma kifi a wajen wannan doka ya haɗa da duk wata halittar ruwa: ƙaguwa, jatan lande, kunkurun teku, duka.

Maganar ƙaguwa ce ta fi shafar baƙo, saboda ita ce mai sauƙin samu, kuma tana da kasuwa a kudu. A mazhabar Malikiyya cin ta halal ne, ko da yake da yawanmu ƙyanƙyaminta muke yi, sai dai mu sayar. Ƙa'ida biyu ce a kanta. Ta farko, wadda ba ta kai santimita 6 ba, ba a riƙe ta, raye ko mace, ba a kuma kai ta kasuwa. Ga wanda ba ya yawo da abin awo, santimita 6 ta ɗan ɗara kwalin ashana tsawo. Ta biyu ita ce ta mai ƙwai, kuma wannan ba ruwanta da girma. Idan ka kama ƙaguwa, ka riƙe ta ta baya yadda ba za ta datse maka yatsa ba, ka juya cikinta. Namiji marfin cikinsa siriri ne, na mace faffaɗa. Idan ka ga dunƙulen ƙwai ruwan lemo ko ruwan ƙasa ya turo marfin ya fito, wannan komawa ruwa za ta yi, ko da tarko ka kama ta ko da hannu. Dalilin a fili yake: abin da ke manne a cikin nan dubban ƙaguwoyin baɗi ne. A ganina wannan ita ce ƙa'ida mafi hankali a cikin dokar baki ɗaya, kuma ba baƙuwa ba ce a wajenmu, tunda Sarkin Ruwa ma yakan hana su a tafki har sai kifi ya yi ƙwari.

Inda ake rikicewa shi ne ruwan da ke bayan gaɓa. Tsarin mulkin 1999 ya ba gwamnatin tarayya ikon kamun kifi, amma ya cire koguna da tafkuna da sauran ruwan cikin ƙasa. Don haka idan ka bar bakin teku ka koma tafkin Legas ko na Epe, ko ƙoramun da ke ratsa dazukan Delta da Bayelsa, ka shiga hurumin da jiha ke da ta cewa, kuma tsarin kowace jiha daban. Akwai kuma dokar kamun kifi a ruwan cikin ƙasa, ita ma ta 1992, wadda ta ƙara da hana kamu da wutar lantarki da kuma raga mai ƙananan ido. Birgin da ka taho da shi daga gida, duba idonsa kafin ka jefa.

Sannan ga masu wuri. Gaɓar da kake gani fayau tana da masu ita: Egun a Badagiri, Ilaje a Ondo da sassan Legas, Ijo a yankin Neja Delta. A ƙauyen Yarabawa baale, wato mai gari, ake nema, a gaishe shi, a tambayi inda baƙo zai iya sa tarko. Taɓa tarkon wani a can sata ce, kamar yadda ɗaga malin wani, wato tarkonsa na kifi, yake a nan gida. Wuraren shaƙatawa masu shinge kuwa kuɗin shiga ake biya, kuma mai wuri na iya hana ka jefa fatsa.

Wurin da za a guje wa kwata-kwata shi ne kusa da bututun mai, tashar jiragen ruwa da sansanin sojan ruwa. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi mazauna Tarkwa Bay a Legas bisa zargin fasa bututu, dubban mutane suka rasa matsuguni. Baƙon da aka tsinta da tocila da bokiti a irin wannan wuri da tsakar dare, ba dokar kifi za a fara karanta masa ba.