Ma'anar TSH da T4 a takardar gwajin jinin jariri

TSH da T4 su ne alƙaluma biyun da ake dubawa idan ana son a san ko tayirod ɗin yaro yana aiki yadda ya kamata. Tayirod wani ɗan nama ne a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, wanda kumburinsa ne ake kira maƙoƙo. Shi ke samar da T4, wani sinadari da jiki da ƙwaƙwalwa ke buƙata don su girma, ta hanyar amfani da sinadarin aidin. TSH kuwa daga fitutari yake fitowa, wata 'yar halitta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, kuma aikinsa zaburar da tayirod. Idan T4 ya yi ƙasa sai TSH ya hau, kamar mahayin da ke ƙara bulala idan doki ya rage gudu. Yawan TSH, ke nan, alama ce ta tayirod mai rauni.

Babban kuskure shi ne a auna jariri da ma'aunin manya. A babban mutum TSH yakan tsaya wajajen 0.4 zuwa 4 mU/L. Amma minti 30 bayan haihuwa na jariri yakan kai 60 zuwa 80, saboda sanyin da ya tarar a waje, sannan ya riƙa sauka cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa ake jira awa 48 zuwa 72 kafin a tsira diddigen jariri a ɗiga jinin a kan katin gwaji. A Ingila ma sai rana ta 5. Jinin da aka ɗiba a ranar farko yakan tayar wa iyaye hankali a banza. Takardar da ba a rubuta kwanakin yaro a kanta ba, ba ta karantuwa.

Kusan jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa da raunin tayirod, kuma abin tsoron shi ne yawancinsu lafiya lau ake ganinsu da farko, domin T4 na uwa ya ratsa mabiyiya ya rufe giɓin. Sai bayan makonni alamun ke fitowa: shawarar da ta ƙi wucewa, yawan barci, kasalar kama nono, taurin bayan gida, cibiya ta yi tudu, harshe ya yi kauri, kuka da dasasshiyar murya. Kafin nan ƙwaƙwalwa ta fara cutuwa, kuma wannan illa ba ta gyaruwa. Don haka ake so magani ya fara cikin mako 2 na farko.

Katin diddige tantancewa ce kawai. Da jinin jijiya ake tabbatarwa, a duba TSH tare da FT4, wato T4 ɗin da ke yawo a sake, bai manne da furotin ba. Idan TSH na kati ya kai 40, ana ɗibar jinin jijiya a fara magani ba tare da jiran sakamako ba. FT4 ƙasa alhali TSH bai hau ba, ana zargin fitutari ne, kuma gwajin TSH kaɗai ba ya kama irin wannan. Bakwaini da jariri mai jinya TSH ɗinsu yakan yi jinkirin hawa, don haka a maimaita musu gwaji bayan mako 2 zuwa 4, ko da na farko ya yi kyau.

Maganin levothyroxine ne, maikurogiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyin jariri a rana. A murƙushe ƙwayar cikin ɗan nono ko ruwa a ba shi a cokali. Kada a zuba a cikakkiyar kwalbar madara, don idan bai shanye ba an yi asarar magani. Madarar waken suya da maganin ƙarin jini da kalsiyam suna hana hanji tsotse shi, sai a raba lokacinsu. Ana sake gwaji mako 1 zuwa 2 da farawa, sannan duk wata 1 zuwa 2 har wata 6, domin yaro na ƙara nauyi, adadin jiya ba ya isarsa yau.

A yaran da suka tasa, abin da ya fi saurin tona matsalar shi ne tsayi ya daina ƙaruwa alhali nauyi na hawa. Wanda aka fara wa magani tun yana jariri kuma ba a tabbatar ciwon na dindindin ba ne, idan ya cika shekara 3 likita kan dakatar da maganin na mako 4 ya sake auna TSH da FT4. Iyaye kada su yi wannan da kansu.