Zaman gida ba ya maganin firgici

Kusan kowane mako sai na ga irinsu. Mutum ya zo da takardun gwaji cike da hannu, an duba zuciya lafiya lau, jini ma haka, amma ya rantse ajali ne ya zo masa: zuciya na dukan uku-uku, numfashi na sarƙewa, ga jiri, ga gumi, jiki na karkarwa. Ciwon firgici ke nan. Yakan kai maƙura cikin kamar minti 10, sannan ya lafa da kansa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne gudun da ke biyo baya. Ya taɓa kama ka a mota, ka daina shiga mota. Ya kama ka cikin cunkoso, ka daina zuwa taro. Kafin ka ankara, ko ƙofar gida ba ka iya leƙawa. 'Yan uwa kuma na taya ɓarna da sunan tausayi: "Bar shi ya huta, ni zan je masa." Haba jama'a! Duk ranar da ka gudu, ƙwaƙwalwarka za ta ɗauka gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya fi na yau.

Na san akwai wuya, wallahi na sani. Ba ragwanci ba ne, kuma ana warkewa. Tun 1986 David Clark, masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, ya nuna inda gizo ke saƙar: zuciya ta buga, ka ce "zan mutu", tsoro ya ƙara mata gudu, kai kuma ka ce ga shi nan ta tabbata. Nan jinyar gyaran tunani, wato CBT, take sara. Sau da yawa zama wajen 12 da ƙwararre ya isa a ga sauyi babba.

Fara ganin likita a tabbatar da lafiyar zuciyarka. Rubuta abin da kake tsoron zai faru, daga baya ka duba ko ya faru. Koma wuraren da ka ƙaurace wa, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kullum. Idan firgicin ya taso, tsaya a nan har ya sauka, kada ka ruga gida. Kada ka sha ƙwayar kwantar da hankali sai likita ya rubuta, wasunsu kama jiki suke yi.

Ku kuma 'yan uwa, don Allah ku daina zuwar masa aike. Ku raka shi yau, gobe ku tsaya daga nesa, jibi ya tafi shi kaɗai.