Daga jirgin soja zuwa na fasinja: me ake tambaya ranar ganawar neman aiki?

Wani ƙanena sojan sama ya zo hutu Maradi. Muna fada ana shan shayi ya ce in ya ajiye kaki, jirgin fasinja yake son tuƙawa. Ga tambayoyinsa da amsoshina.

Yaya, awowin da na yi a sama ba su isa ba?

Suna da amfani, amma takardar soja ba lasisin farar hula ba ce. Babban lasisin da kyaftin ke riƙewa yana buƙatar awa 1,500 da jarrabawa a rubuce, ga gwajin likita mai daraja ta ɗaya. Hukumar kula da jiragen sama na farar hula ta Nijar, ANAC, a Yamai ce ke da hurumin lasisi, don haka gyara littafin awowinka tun yanzu: na dare daban, na tuƙi da na'ura daban.

Faransanci kaɗai zai kai ni?

Ba zai kai ka ba. Hukumar jiragen sama ta duniya ta gindaya sharaɗin kai mataki na 4 cikin 6 na iya Ingilishi. Kamfanoni irin su ASKY na Lome ƙasa-ƙasa suke yawo.

To me suke nema a bakina?

Nan ne nake jiye maka. Hannunka za su gani a na'urar kwaikwayon jirgi. A teburin ganawa halinka suke aunawa. Za su ce: ba mu labarin ranar da ka yi kuskure. Kada ka ce ba ka taɓa yi ba, wallahi nan take ka faɗi. Faɗi abin da ya faru, me ka yi, me ka sake daga baya. Za su kuma tambaya, in mataimakinka ƙaramin yaro ya ce bai yarda da saukar nan ba, ya za ka yi? A bariki na ƙasa ba ya musu da na sama. Amma a tsibirin Tenerife na ƙasar Spain a 1977, injiniyan jirgi ya nuna shakka, kyaftin ya ci gaba da tashi cikin hazo, jirage biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Irin wannan ne ya sa kamfanoni ke koyar da sauraron juna.

In suka ce hazo ya rufe filin jirgin Maradi fa?

Ka san hazon hunturunmu, rana tsaka sai mota ta kunna fitila. Soja an horar da shi ya cika aiki ko ana ha-maza-ha-mata, su kuwa so suke su ji ka fasa sauka. Faɗa musu man da ya rage maka, sannan ka ce Damagaram za ka nufa ko Yamai za ka koma, da dalilinka.