Telebijin: Tarihin Fasahar da Shigowarta Nijar

Telebijin hanya ce ta aika hoto mai motsi tare da sauti zuwa nesa, ta iska, ta waya ko ta tauraron ɗan'adam. Tushen aikin ɗaya ne tun farko: a yanka hoto layi-layi, a mai da shi siginar lantarki, akwatin mai kallo ya sake jera shi da saurin da ido ba ya gane rabuwar.

A 1884 Bajamushe Paul Nipkow ya ƙirƙiro faifai mai huji-huji da ke juyawa yana yanka hoto. Da irin wannan faifai John Logie Baird ya nuna hoto mai motsi a Landan a 1926, amma dishi-dishi. Philo Farnsworth na Amurka ya kauce wa faifan a 1927, ya yi aikin da lantarki zalla, kuma hanyarsa ce ta ɗore. BBC ta buɗe shirye-shirye na yau da kullum a 1936. Launi ya biyo baya da tsari uku: NTSC a Amurka a 1953, sai PAL na Jamus da SECAM na Faransa, waɗanda suka fara aiki a 1967. Nijar SECAM ta ɗauka.

A yankinmu na Afirka ta Yamma Ibadan ce ta riga kowa buɗe tasha, a 1959. Shigowar telebijin Nijar kuwa daban take, kuma ta cancanci a tsaya kanta. A 1964 aka fara telebijin na makaranta a Yamai da taimakon Faransa, domin ƙasar na fama da ƙarancin malamai. Ana shirya darasi a ɗakin ɗauka, yara su kalla a aji, mai kula da su ya ƙarasa bayani. Wato kafin ƴan Nijar su san akwatin da labarai ko kokowa, malamin lakwal ne. Da yake yawancin ƙauyuka ba wutar lantarki, aka koma ga hasken rana don kunna akwatunan, dabarar da a lokacin ba a saba gani ba a duniya.

An kafa hukumar rediyo da telebijin ta ƙasa, ORTN, a 1967. Tasharta, Télé Sahel, ta fara watsa wa jama'a shirye-shirye a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kountché, da Faransanci da harsunan ƙasa irin su Hausa da Zabarmanci. An kakkafa wuraren kallo na gama-gari, inda unguwa guda ke taruwa gaban akwati ɗaya da dare. Tashoshi masu zaman kansu, kamar Ténéré da Dounia, sun ɓullo daga 2000 zuwa gaba.

Yarjejeniyar Janeba ta 2006 ta sa 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsari a koma na dijital, wanda ake kira TNT. Amfaninsa a fili yake: mita guda na ɗaukar tashoshi da dama, hoto kuma tangaran, sai dai tsohon akwati na buƙatar dikoda. A garuruwa masu nisa da eriyar watsawa, kamar ƙauyukan jihar Tawa, kwanon tauraron ɗan'adam ne ke cike giɓin, sau da yawa da farantin sola da batiri.