Idan kaya suka salwanta tsakanin Sakkwato da Kano, wa zai biya?

Duk wanda ya bi ta Kalambaina, inda kamfanin siminti yake a Sakkwato, da sassafe ya ga tireloli jere suna jiran lodin siminti. Buhu 600 ake yi wa tirela a bisa al'ada, kowane buhu kilo 50, tan 30 ke nan. Wasu motocin kuma fatun jan akuyar Sakkwato suke kwasa zuwa majemun Challawa da Sharaɗa a Kano, su juyo da katan-katan na taliya, sabulu da kayan roba. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Talatar Mafara, Gusau, Tsafe da Funtuwa. Galibi ciniki ne na baki: ɗan kamasho ya haɗa mai kaya da direba, a ba da kuɗin mai, a yi sallama. Sai ranar da waya ta yi ƙara cikin dare, direba ya ce, "Alhaji, mota ta hwaɗi bayan Gusau, ƙaddara ta," sannan kowa yake fara tambayar abin da doka ta ce.

Abu na farko da alƙali zai duba shi ne kayan na wa ne a lokacin da suke kan hanya. Nan ne 'yan kasuwa da dama suke shan mamaki. A dokar sayar da kaya da muka gada daga Ingila, wato ta 1893, da dokokin jihohi da suka bi sahunta, idan an amince mai sayarwa ya turo wa mai saye kaya, to miƙa su ga mai ɗaukar kaya tamkar miƙa su ga mai saye ne, sai fa in sun yi wani sharaɗi dabam. Asara kuma tana bin mallaka. A ce ka biya kuɗin katan 1,000 a Kano, ka ce a sa maka a mota. Da mota ta tashi, kayanka ne ke tafiya, ba na mai sayarwa ba. In ta kife a Tsafe ba za ka koma Kano ka ce a maida maka kuɗinka ba; da mai mota za ka yi. Amma in yarjejeniyarku ita ce "kawo mini har shago a Sakkwato, can zan karɓa," to nauyin yana wuyan mai sayarwa har sai an sauke. Jimla ɗaya ce ta raba su, kuma ita ce ba a cika rubutawa ba.

To shi mai mota fa? Doka tana kallonsa a matsayin wanda aka damƙa wa amanar dukiyar wani kan lada. Wajibi ne ya kula da ita yadda mai hankali zai kula da tasa. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne wanda zai kawo hujja. Ba kai mai kaya ne za ka tabbatar da cewa ya yi sakaci ba. Naka kawai ka nuna ka ba shi kaya kaza cikin ƙoshin lafiya, bai kawo ba ko ya kawo a lalace. Daga nan shi ne zai gamsar da kotu cewa ba sakacinsa ba ne, ba kuma na direbansa ko yaran motarsa ba, domin laifin da direba ya yi a bakin aiki yana hawa kan maigidansa. Kalmar "ƙaddara" ita kaɗai ba ta wanke kowa a gaban kotu. Siminti ya jiƙe saboda tamfol a yage yake, wannan ba ruwan sama ne ya yi laifi ba.

Akwai ma wani mataki da ya fi wannan tsanani. Wanda ya buɗe ƙofarsa ga kowa da kowa, yana ɗaukar kayan duk wanda ya zo ya biya ba tare da zaɓe ba, tsohuwar dokar Ingila ta ɗora masa biyan duk abin da ya salwanta ko da bai yi sakaci ba. Mafitarsa kaɗan ce: bala'in da ba hannun ɗan Adam a ciki, ko abokan gaba a lokacin yaƙi, ko laifin mai kayan da kansa, ko kuma kayan da ɗabi'arsu ce su lalace, kamar albasar da aka loda tana da danshi. Fashi ba ya cikin wannan jerin. Sai dai yawancin masu tirela suna zaɓen lodin da za su ɗauka, suna ciniki a kan kowace tafiya, don haka ma'aunin sakaci ne ake auna su da shi. A nan tambayar za ta zama: me ya sa ya bi hanyar Tsafe zuwa Funtuwa da tsakar dare, alhali kowa ya san halin da take ciki? Ina ya kwana? Wa ya bari a jikin mota?

Mu a Sakkwato, rigima tsakanin Musulmi biyu takan je kotun shari'ar Musulunci ne, kuma fiƙihun Malikiyya yana da nasa bayanin. Asali wanda aka ɗauka haya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Amma Imam Malik ya keɓe mai ɗaukar abinci: shi yana biya, sai in ya kawo shaidar cewa kayan sun halaka ba da sababinsa ba. Dalilin a fili yake, abinci abu ne da hannu ke saurin kai wa. Saboda haka mai ɗauko shinkafa da mai ɗauko siminti ba lalle hukuncinsu ya zama ɗaya ba.

Sai batun takardar lodi, wadda 'yan tasha ke kira webil. Mutane sun ɗauke ta takardar nuna wa jami'ai a shinge kawai. Ita ce kuwa shaidarka ta farko: irin kaya, adadinsu, lambar mota, sunan direba, wanda zai karɓa, da kuɗin ɗauka. A ƙasanta sau da yawa akwai ɗan ƙaramin rubutu da Turanci mai cewa kaya suna tafiya ne a kan kasadar mai su. Wannan rubutu yana da ƙarfi in ka sa hannu, ko in an nuna maka shi kafin a ƙulla ciniki. Wanda aka miƙo maka bayan mota ta riga ta tashi, da wuya kotu ta ɗaure ka da shi. Kotuna kuma suna matse ma'anar irin wannan sharaɗi, in akwai shubuha a fassara ta a kan wanda ya rubuta. Ranar saukewa kuma, in buhu 15 sun yi ƙasa ko katan 20 sun jiƙe, a rubuta a jikin takardar kafin a sa hannu, direba yana tsaye. Sa hannu babu ƙorafi, sannan a kira waya bayan kwana uku, rigima ce da ka riga ka raunana da hannunka.

Obalodi ma yana shigowa cikin shari'ar. Ƙa'idar ECOWAS ta 2012 ta kayyade tan 11.5 ga aksil guda mai jan mota, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyi, tirela mai aksil shida kuma kada ta wuce tan 51, ita da kayanta gaba ɗaya. Najeriya ta fitar da nata ƙa'idojin manyan hanyoyin tarayya a kan haka a 2018. Buhu 900 na siminti tan 45 ne tun kafin a sa nauyin motar kanta. In kai ne ka matsa a ƙara lodi don ka rage kuɗin mota, taya ta fashe a hanya, lauyan mai mota da wannan zai fara. Haka gudu: ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ga tirela kilomita 50 ce a awa a babbar hanya, 60 a tagwayen titi na gudu, kuma tun Fabrairun 2017 ake tilasta sa na'urar kayyade gudu a motocin haya. Da wannan lissafi Kano ta wuce tafiyar awa goma. Direban da ya yi maka alkawarin awa bakwai, ka san abin da zai yi. Lasin ɗinsa kuma ya zama aji G, na masu jan tirela, ba na ƙaramar mota ba.

Kuskuren da na fi ji a bakin mutane shi ne, "ai motar tana da inshora." Inshorar dole da 'yan sanda ke tambaya, wadda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta sa wa manyan motocin haya naira 100,000 a shekara tun Janairun 2023, ta mutumin waje ce: wanda mota ta buge, ko ta rushe masa katanga. Ba ruwanta da buhunan da ke bayan mota. Kaya suna da tasu inshorar dabam, ta kaya a kan hanya, wadda mai mota ko mai kaya zai iya yanka, har ta tafiya guda ɗaya akwai. Wanda riba ke damun zuciyarsa, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, masu lasisi. Kafin ka biya, ka sa a karanta maka ko ta haɗa da fashi da wawason da akan yi wa motar da ta faɗi, don ba kowace takarda ce ta haɗa ba. Idan kuma abin ya auku, kamfanin zai nemi rahoton 'yan sanda, webil, rasit ɗin sayen kayan da hotunan wurin, kuma a sanar da shi cikin wa'adin da ke rubuce a takardar.