Raguwar ƙwaƙwalwa a hoton MRI ba hauka ba ce

A Garwa da Marwa na ƙasar Kamaru, da zarar an ce hoton MRI, wato hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka, ya nuna ƙwaƙwalwar tsoho ta ragu, sai dangi su fara raɗa cewa ya haukace. Ba haka ba ne. Ƙwaƙwalwar kowa tana ɗan raguwa da tsufa, har ta dattijon da bai taɓa ɓata lissafin shanunsa ba.

Abin da likita ke bi a hoton shi ne inda raguwar take. Akwai kututturen ƙwaƙwalwa, wanda ya haɗa ta da lakar gadon baya, yake kula da numfashi da haɗiya. Idan samansa ya sirance fiye da tsakiyarsa, ga yawan faɗuwa da wahalar kallon ƙasa, sai a yi zargin wata cuta da ake kira PSP, kuma wannan ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa ne. A nan awon hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai likita ya duba tafiyar mutum da motsin idonsa.